Gasar hakaton ta ɗalibai da batun samun adalci: me kwana biyu ke iya samarwa?

A jami'o'i da dama na duniya an saba da wani irin taro da ake kira hakaton, inda ɗalibai kan kasu rukuni-rukuni, a ba su awa 24 ko 36 ko 48, su duƙufa gaban kwamfutocinsu har sai sun ƙera wata manhaja da za su nuna wa alƙalan gasa cikin 'yan mintuna. Masu rubuta manhaja ne suka fara irin wannan zama a tsakaninsu, kuma ana danganta farkonsa da shekarar 1999, lokacin da masu gina tsarin sarrafa kwamfuta na OpenBSD suka haɗu a birnin Calgary na Kanada. Daga baya wani reshe na wannan al'ada ya karkata zuwa harkar shari'a, aka riƙa haɗa ɗaliban lauya da na kimiyyar kwamfuta da na zane a zaure ɗaya, a ce su samar da abin da zai taimaki ɗan hayar da aka ba notis, ko ma'aikacin da aka danne wa albashi, ko matar da ke neman kotu ta kare ta daga mai dukanta.

A shekarar 2012 ɗaliban makarantar koyon aikin lauya ta Brooklyn da ke New York suka shirya ɗaya daga cikin tarukan farko na wannan fanni, kuma daga nan ne ƙungiyar Legal Hackers ta tsiro har ta yi rassa a biranen ƙasashe da yawa. A 2018 aka fara Global Legal Hackathon, wadda aka riƙa gudanarwa a birane masu yawa a ƙarshen mako guda. Gwamnatin Indiya kuwa tun 2017 take shirya Smart India Hackathon, inda ma'aikatu ke kawo matsalolin da suka dame su, ɗalibai su yi awa 36 suna neman mafita. Abin ya riga ya zauna da gindinsa, don haka ya cancanci a auna shi da idon basira. Fahimtata ita ce, ƙwazon ɗalibai da kyawun manhajar ba su ne ke yanke makomar irin waɗannan ayyuka ba. Abin da ke yanke ta shi ne ko akwai wata kotu ko ƙungiyar lauyoyin agaji da ta amince ta karɓi manhajar, ta riƙa gyara ta, ta kuma ɗauki alhakin kuskurenta bayan an watse daga zauren.

Giɓin da ake son cikewa ba ƙarami ba ne. Rahoton da ƙungiyar World Justice Project ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5.1 a duniya ba su da sahihiyar hanyar samun adalci, kuma biliyan 1.5 daga cikinsu suna da takamaiman matsalar shari'a da suka kasa warwarewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sanya samun adalci ga kowa cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da ta amince da su a 2015. Ba kuma matsalar ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 a shari'ar Gideon ya tabbatar wa wanda ake tuhuma da babban laifi haƙƙin a ba shi lauya idan ba shi da halin ɗauka, amma wannan haƙƙi bai haɗa da ƙararrakin haya da bashi da mafi yawan rikicin iyali ba. Hukumar Legal Services Corporation, wadda majalisar dokokin ƙasar ta kafa a 1974 domin ɗaukar nauyin lauyoyin agaji, ta bayyana a 2022 cewa a kashi 92 cikin 100 na manyan matsalolin da ba na laifi ba da masu ƙaramin ƙarfi suka fuskanta, ko dai ba su samu taimakon lauya sam ba, ko kuma wanda suka samu bai wadatar ba.

Ƙararrakin bashi ne suka fi nuna yadda wannan rashi ke aiki a zahiri. Binciken gidauniyar Pew na 2020 ya gano cewa a kotunan jihohin Amurka da aka duba, fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙarar da masu karɓar bashi suka shigar sun ƙare ne da hukunci a bayan idon wanda ake ƙara, saboda bai mayar da amsa ba ko bai halarci zama ba, kuma waɗanda suke da lauya a cikin waɗanda ake ƙarar ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Mutum kan rasa shari'arsa tun kafin alƙali ya ji ta bakinsa, sau da yawa saboda takardar da ta zo masa ta gagare shi fahimta, ko wa'adin amsawa ya wuce yana tunanin me zai yi. Irin wannan asara ce manhaja za ta iya ragewa, domin tushenta yana ga takarda da kwanan wata, ba ga zurfin hujjar doka ba.

Idan aka duba kayan fasahar da suka yi wa jama'a amfani da gaske a wannan fanni, za a ga yawancinsu ba su da wani armashi a ido. Na farko shi ne manhajar cike fom ta hanyar tambaya da amsa. Maimakon a miƙa wa mutum fom mai shafi goma cike da kalmomin lauyoyi, sai manhajar ta riƙa yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya da harshe mai sauƙi, amsar da ya bayar ita za ta zaɓi tambayar da ke biye, a ƙarshe ta haɗa masa takardar da magatakardan kotu zai karɓa. Manhajar A2J Author, wadda makarantar lauyoyi ta Chicago-Kent da cibiyar CALI suka samar, ta daɗe tana wannan aiki, sannan wani lauyan agaji a Philadelphia mai suna Jonathan Pyle ya rubuta wata manhaja irinta mai suna docassemble ya buɗe ta kyauta ga kowa. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe kotuna, sashen fasahar shari'a na jami'ar Suffolk da ke Boston ya tara ɗalibai da 'yan sa-kai suka mayar da fom-fom na gaggawa na jihar Massachusetts, har da na neman kariya daga cin zarafi a gida, zuwa tambayoyin da ake amsawa ta wayar hannu. Sun yi saurin da suka yi ne saboda ba daga tushe suka fara ba, sun ɗora a kan docassemble, kuma suna tare da mutanen da suka san kotunan daga ciki.

Na biyu ya fi wannan sauƙi ma. A birnin New York, masu bincike Alissa Fishbane da Aurélie Ouss da Anuj Shah sun auna abin da ke faruwa idan aka sake tsara takardar sammacin ƙananan laifuffuka, aka ɗaga ranar zama da wurin kotu da hukuncin ƙin zuwa zuwa saman takardar inda ido zai fara sauka. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2020 ya nuna wannan gyara kaɗai ya rage ƙin halartar kotu da kashi 13 cikin 100, saƙon tes na tunatarwa kuma ya rage shi da kashi 21 cikin 100, abin da ya hana fitar da umarnin kamu kusan 30,000 a cikin shekara uku. Rubuta manhajar da ke tura saƙon tes abu ne da ɗalibin shekarar farko zai gama kafin dare ya raba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar ita ce a shawo kan kotu ta buɗe jadawalinta, a kuma shawo kan jami'in da ke rubuta sammaci ya riƙa karɓar lambar wayar mutum.

Misali na uku shi ne goge tsohon tarihin laifi. Da masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka halatta tabar wiwi a 2016, dokar ta ba waɗanda aka taɓa hukuntawa a kanta damar neman a soke hukuncin ko a sassauta shi, sai dai dole mutum ya shigar da buƙata da kansa, kuma ƙalilan ne suka yi. Ƙungiyar Code for America ta haɗa kai da ofishin mai gabatar da ƙara na San Francisco, manhajarta ta bi kundin kotu ta zaƙulo waɗanda suka cancanta, aka sanar da goge hukunci fiye da 8,000 a farkon 2019, a shekarar da ta biyo baya kuma gundumar Los Angeles ta sanar da kusan 66,000. Darasin da ɗalibai ya kamata su ɗauka a nan shi ne an sauke nauyin daga kan talaka an mayar da shi kan hukuma, mutum bai buɗe wata manhaja ba, bai cike komai ba. Amma wannan hanya ba ta buɗe wa wanda ya zo daga waje ba, sai wanda mai riƙe da kundin ya gayyata.

Duk waɗannan misalai uku sun yi tarayya a abu ɗaya, wato akwai hukuma ko ƙungiya mai ɗorewa a bayansu, kuma wannan ne abin da gasar ƙarshen mako ta fi rasawa. Abin da ake nuna wa alƙalan gasa samfuri ne, an gwada shi da bayanan ƙage, a kan hanya ɗaya da aka san ba za ta karye ba. Da an raba kyaututtuka, ɗalibai sun koma ga jarrabawa, wasu sun kammala karatu sun kama aiki, kuɗin rumbun da manhajar ke zaune a kansa ya ƙare, shafin ya mutu. Idan manhajar wasa ce, babu wanda ya cutu. Ta shari'a kuwa mutuwarta ta fi zama alheri a kan ta ci gaba da aiki babu mai kula da ita, domin doka tana sauyawa, kotu tana sabunta fom, wa'adin amsa ƙara ya bambanta daga jiha zuwa jiha, wani lokaci daga kotu zuwa kotu. Shafin da ke gaya wa ɗan haya yana da kwana 14 alhali wa'adin wurinsa kwana 5 ne ya fi rashin shafin illa, domin mutumin ya yarda da shi ya kwantar da hankalinsa.

Kada a ɗauka rashin ɗorewa ciwon ɗalibai ne kaɗai. A ƙasar Holan, hukumar taimakon shari'a ta ƙasa da cibiyar HiiL da ke birnin Hague da kamfanin Modria sun gina dandalin Rechtwijzer domin ma'aurata su daidaita sharuɗɗan rabuwarsu ta intanet, masana daga ƙasashe da dama suka yaba masa, amma a 2017 aka rufe shi saboda kuɗin da ke shigowa daga masu amfani bai riƙe shi ba. Kotun intanet ta lardin British Columbia a Kanada, wadda ta fara aiki a 2016, ta ɗore ne saboda doka ce ta kafa ta, gwamnati ke biyan ma'aikatanta.

Akwai kuma iyakar da ɗaliban kwamfuta ba su cika saninta ba sai sun taka ta. Dokokin ƙasashe da yawa sun bambanta tsakanin ba da bayani kan doka da ba da shawarar lauya. Kowa na iya gaya wa jama'a abin da dokar haya ta tanada, amma cewa wani takamaiman mutum ya kawo hujja kaza a shari'arsa aikin lauya ne mai lasisi, kuma wanda ya yi shi ba lasisi yana iya fuskantar hukunci. Matsalar ita ce, gwargwadon yadda manhaja ta ƙara amfani, gwargwadon yadda take matsowa kusa da wannan iyaka. Ƙungiyar Upsolve, wadda Rohan Pavuluri ya kafa a 2016 yana ɗalibi a Harvard, tare da lauya Jonathan Petts, tana taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su shirya takardun ayyana karayar arziki kyauta, amma da ta so ta horar da waɗanda ba lauyoyi ba su taimaka wa mutane amsa ƙarar bashi, sai da ta kai hukumomin jihar New York kotu a 2022 tana neman a ba ta dama. Kotun Ƙolin jihar Utah ta buɗe wani shirin gwaji a 2020 inda ake barin irin waɗannan ayyuka su gudana ƙarƙashin sa ido, sai dai wurare ƙalilan ne suka yi haka.

Ba zan ce wannan iyaka ba ta da dalili ba, ko da yake wani ɓangarenta kare kasuwar lauyoyi ne. Labarin manhajar DoNotPay ya isa hujja. Joshua Browder ya fara ta a 2015 yana matashin ɗalibi, da aiki guda mai iyaka, wato ƙalubalantar tarar ajiye mota, kuma ta yi suna a kan haka. Da kamfanin ya faɗaɗa ya riƙa tallata kansa a matsayin lauyan mutum-mutumi na farko a duniya, hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ɗauki mataki a kansa a 2024, tana cewa bai gwada ko amsoshinsa sun kai na lauya ba, aka daidaita a kan ya biya dala 193,000. Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara girman wannan haɗari, domin yanzu rukunin ɗalibai na iya haɗa manhajar hira mai amsa tambayar shari'a da kyakkyawan lafazi cikin sa'o'i kaɗan, kuma ita ce ke burge alƙalan gasa. A 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen Avianca, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhajar hira ta ChatGPT ta ƙaga, waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba. Idan ƙwararrun lauyoyi sun kasa gane ƙagen, ina ga wanda bai taɓa shiga kotu ba, yana karanta amsar a waya da tsakar dare?

Batun sirri ma haka yake. Wanda ya zo neman taimakon shari'a yakan faɗi abin da zai iya jawo masa kamu ko kora daga ƙasa ko ramuwar wanda yake gudu. Abin da ya gaya wa lauyansa doka ta kare shi, abin da ya rubuta a manhajar ɗalibai kuwa galibi ba shi da wannan kariya, kuma kotu na iya umartar a miƙa shi. Matar da mijinta ke bincika wayarta tana buƙatar shafin da ke da maɓallin fita nan take, wanda ba zai tura mata saƙon da zai tona ta ba. Ma'aikatan gidajen ba da mafaka sun san wannan tun da daɗewa, amma sai an gayyace su zauren kafin ɗalibai su sani.

Wannan ya kai mu ga waɗanda ba a cika gani a wurin gasar ba, wato masu matsalar da kansu. Binciken da masaniyar zamantakewa Rebecca Sandefur ta yi a Amurka ya nuna cewa mutane ba sa kallon yawancin matsalolinsu na haya da bashi da albashi a matsayin batun shari'a, suna ɗaukarsu rashin sa'a ne ko ƙaddara, don haka ba sa ma neman lauya, balle manhajar lauya. Ɗalibin da ke da babbar waya da intanet mai ƙarfi yakan gina wa mai irin halinsa, alhali wanda ake nufi yana iya zama mai ƙaramar waya, datarsa ƙididdigagga, karatunsa kaɗan, harshensa kuma ba na kotu ba. Shi ya sa abin da Gerald Abila ya yi a Yuganda ya burge ni. Yana ɗalibin lauya ya fara amsa tambayoyin jama'a a Facebook a 2012, inda mutanen suke tun farko, daga nan ƙungiyar BarefootLaw da ya kafa ta ƙara saƙon tes da kiran waya da zuwa ƙauyuka ido da ido, lauyoyi na gaske kuma suna bayan amsoshin.

Duk da wannan, ban ga dalilin yin watsi da gasar ba, domin tana samar da wani abu da ba a rubuta shi a takardar kyauta. Ɗalibin lauya da aka tilasta masa ya mayar da sashen doka zuwa jerin tambayoyin e ko a'a yakan gano wuraren da dokar ta yi shiru ko ta saɓa wa kanta, waɗanda karatun aji bai nuna masa ba. Ɗalibin kwamfuta kuma yakan ji a karon farko cewa kuskurensa na iya raba wani da muhallinsa. Wasu daga cikinsu za su zama alƙalai da magatakardan kotu da masu rubuta dokoki, kuma wanda ya taɓa zama kusa da mutum yana fama da fom ba zai tsara fom yadda na baya suka tsara ba. Sai dai ya kamata su fita da sanin abin da manhaja ba ta iyawa. A 2017 birnin New York ya zama na farko a Amurka da ya ba 'yan haya masu ƙaramin ƙarfi haƙƙin samun lauya idan ana neman fitar da su, kuma rahotannin birnin sun nuna kusan kashi 84 cikin 100 na waɗanda suka samu lauyan sun ci gaba da zama a gidajensu. Ƙungiyoyin 'yan haya ne suka ƙwato wannan da shekaru na fafutuka, kuma kasafin kuɗi ne ke riƙe da shi.

Abin da ya rage shi ne masu shirya gasar su gyara ma'auninsu. Tsarin jami'ar Georgetown ya fi kama hanya, inda gasar Iron Tech Lawyer, wadda Farfesa Tanina Rostain ta jagoranta, ta riƙa zuwa a ƙarshen zangon karatu guda da ɗalibai suka shafe suna aiki tare da wata ƙungiyar taimakon shari'a da ta kawo matsalarta da kanta. Ko a gasar kwana biyu ana iya aro wannan. A bar ƙungiyar da ke hulɗa da jama'a kullum ta zaɓi matsalar, a taƙaita ta ga fom ɗaya a kotu ɗaya, a sa wanda ya taɓa shiga irin halin cikin alƙalan gasa da cikakkiyar ƙuri'a, a kuma ba da maki mai yawa ga rukunin da ya ɗora a kan manhajar da ake da ita maimakon wanda ya ƙago sabuwa don burgewa. Kafin a saki kowace manhaja ga jama'a, a rubuta a takarda wanda zai biya kuɗin rumbunta, da lauyan da zai duba ta duk lokacin da kotu ta sauya fom ko wa'adi, da wanda mutum zai kira idan ta ɓatar da shi. Idan ba a samu mai karɓar wannan nauyi ba, a sa ranar da za a sauke ta daga intanet, a goge bayanan duk wanda ya gwada ta, a bar rubutunta a buɗe tare da bayanin inda aka tsaya domin ɗaliban shekara mai zuwa su ci gaba daga nan.